Tsagar da ke Kwalkwalin Fatihu

"Umma, me ya sa Abba yake ce mini Hureira? Ba kin ce ƙanwarsa Anti Hureira ta rasu ba?"

Daga bakin ƙofar kicin Zuhra ta jefo tambayar, da ƙarfi, irin na 'yar shekara biyar, falon kuwa cike da maza an sauko daga Juma'a. Husainatu tana riƙe da kular miya. Ta dire ta a kan leda ba ta kalli kowa ba.

"Wuce ki wanke hannu."

"Jiya ma ya faɗa. Sau biyu."

Mazan suka yi dariya. Alhaji Sha'aibu, wanda yake sayar wa ɗalibai kayan gida a unguwar Cheras, nan ƙasar Malesiya, shi ne babba a wurin, ya ce, "Ki bar shi, 'yata. Hankalin babanki yana kan wasan Lahadi."

Fatihu, mijin Husainatu, bai yi dariya ba. Ya zauna ya jingina da bango, ya juya wa taga baya, domin sati uku kenan haske yana sukar idonsa.

Shi ne mai tsaron gida na wani kulob ɗin hoki a Sentul. Daga Kaduna suka ɗauko shi a 2014, kuma tun daga lokacin ɗaliban Arewa suka mayar da shi tutarsu. Mutanen da ba su taɓa riƙe sandar hoki ba sai ga su cike da jirgin ƙasa ranar wasa, suna kiran Katanga, Katanga. Sati uku da suka wuce aka ba abokan karawa bugun kusurwa, irin wanda ake turo wa mutum ɗaya ƙwallo ya sheme ta raga da iya ƙarfinsa. Ƙwallon hoki kuwa dutse ce aka yi wa fenti. Ta sami Fatihu a gefen kwalkwali. Husainatu ta ji ƙarar daga can saman benci. Ya faɗi, ya tashi, ya ɗaga hannu, aka yi tafi, ya ƙarasa wasan.

Abin da ya biyo baya ita kaɗai ta sani, sai Zuhra. Amai da safe. Ciwon kai. Faɗa a kan cokali. Ranar da ta cire soson cikin kwalkwalin za ta wanke, ta ga tsaga mai tsawon yatsa, Fatihu ya liƙa tambarin kulob a kanta ya rufe. Da ta yi magana sai ya ce namiji ba ya kai ƙarar ciwon kai, kuma idan ta gaya wa wani bai yafe ba.

Koci, wani dattijo Batamile wanda ubansa ya yi aikin jirgin ƙasa a nan Sentul, ya ajiye Fatihu a benci bai faɗi dalili ba. Ya sa Azrul, ɗan Malesiya mai shekara goma sha tara. A wasa uku aka zura wa Azrul bakwai.

"To, albishirinku," in ji Alhaji Sha'aibu, yana naɗe hannun riga. "Shekaranjiya mu shida muka sa manyan riguna muka je gidan Datuk, mai sarautar nan da ke da kulob ɗin, kamun ƙafa. Hula muka kai masa, da turare, da kilishi. Na ce ranka ya daɗe, ɗanmu ne, idan laifi ya yi a yafe masa don darajarmu. Mutumin nan har ƙofa ya rako mu. A gabanmu ya buga wa koci waya. Jibi Katanga ne a raga."

Aka ɗau hamdala. Husainatu ta tsaya cik da jug ɗin zoɓo a hannu.

Mus'ab kuwa girgiza kai ya yi. Ɗalibin lissafi ne a jami'ar da ke Lembah Pantai, siriri mai tabarau, ana tsokanarsa da Dakta tun bai gama ba. Ya ajiye lomarsa.

"Alhaji, da kun yi shawara. Bakwai ɗin nan, biyar laifin 'yan baya ne, na sake kallon bidiyon. Kuma kun manta da ƙa'idar baƙi. Idan Fatihu ya shiga, dole a cire baƙo ɗaya. Wa za a cire? Bafakisten da ya ci mana tara?"

"A cire shi mana. Ƙanin ubanka ne?"

"Idan an cire shi wa zai ci ƙwallo? Kai?"

"Dakta, ka bar lissafin nan a makaranta," wani ya ce. "Wariya ce kawai. Yaron nan Azrul ko kaza aka koro sai ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa."

"Yaro ne, zai koya. Ƙafarsa ta fi sauri a bugun kusurwa."

"Ta fi ta wa sauri?" Muryar Fatihu ce, a ƙasa ƙasa.

Husainatu ta san wannan muryar. Ta waiga neman Zuhra, ta hango ta ƙarƙashin teburin gilashin da aka tura jikin bango, tana cin nama.

Mus'ab ya gyara tabarau. "Yaya Fatihu, ba raini ba ne. Na je atisaye ranar Laraba. Sai ƙwallo ta wuce ta hagunka sannan kake ɗaga hannu. Sau huɗu na ƙirga. Wani abu yana damun..."

Farantin tuwon Fatihu ne ya fara samun Mus'ab a fuska. Kafin kowa ya miƙe, Fatihu ya kai hannu bayan ƙofa ya zaro sandarsa. Mus'ab ya tare da hannu, aka ji ƙas, kamar an karya rake. Bugu na biyu ya fasa masa gira, tabarau ya tashi, jini ya rufe masa ido ɗaya. Maza uku suka rufu a kan Fatihu, ya watsar da su, ƙato ne, shekara goma yana tare ƙwallo da ƙirji. Wani da ya ji haushin Mus'ab tun ɗazu ya samu dama ya ƙara masa da ƙafa a haƙarƙari. Wani ya shaƙe wancan. Kular miya ta kife. Fatihu ya sake ɗaga sanda, Alhaji Sha'aibu ya rungumo shi ta baya, su biyun suka tafi da baya suka faɗa kan teburin.

Husainatu ba ta san lokacin da ta tsallake mutum biyu ba. Ta damƙo ƙafar Zuhra ta fizgo ta daidai lokacin da gilashin ya zubo. Da ta makara da ƙiftawar ido, a kan yarinyar zai sauka. Duk da haka wani ɓallin ya yanki tafin ƙafarta. Zuhra ba ta yi kuka nan take ba, kallon ubanta kawai take yi.

Husainatu ta ɗaure ƙafar da ɗankwali, ta saɓa 'yarta a kafaɗa. A bakin ƙofa ta juya. Fatihu yana zaune cikin fasassun gilasai, sanda a cinyarsa, yana kallon falon kamar baƙo.

"Wa ya fasa teburin nan?" ya tambaya.

Ɗinki huɗu aka yi wa Zuhra a asibitin da ke ƙasan benensu. Mus'ab aka wuce da shi babban asibiti da karyayyen hannu. Da la'asar, da ta dawo, ta tarar da Alhaji Sha'aibu a bakin lif yana danna tsumma a gwiwar hannu.

"Alhaji, ku koma wurin Datuk. Ku ce kun janye."

"Maman Zuhra, zuciya ce irin ta 'yan wasa. Mus'ab ne da baki. Mun riga mun shirya, za a ce a matattakala ya faɗi."

"Kansa ne. Tun ranar da ƙwallon nan ta same shi ba daidai yake ba. Amai yake yi. Sunan 'yarsa ɓace masa yake yi."

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Kul na ƙara jin wannan. Mace ta gari rufa wa mijinta asiri take yi. Mu shida muka je da girmanmu, yanzu mu koma mu ce mun yi wa dattijo ƙarya? Da wane ido za a ƙara kallon 'yan Najeriya? Ya buga na jibi, sai a nema masa magani. Akwai rubutu mai kyau da zan karɓo masa."

"Idan ƙwallo ta sake samunsa fa?"

"Allah zai tsare."

"Allah ya ce a tashi a taimaki kai," ta ce, ta shige lif.

Da safiyar Asabar Fatihu ya ɗauki jakar kayansa ya fita atisayen ƙarshe, bai karya ba. Husainatu ta ba Zuhra magani, ta kai ta wurin maƙwabciyarsu, wata tsohuwa Bamalaya da yarinyar take kira Nenek, wato kaka. Ta zuba katin asibitin Fatihu da fasfonsa a jaka, ta sa takalmi mai igiya, ta tari tasi.

An jiƙa filin da ruwa yadda ake yi kafin wasa, yana ta ƙyalli. Bugun kusurwa ake gwadawa. Fatihu yana raga cikin sulkensa, kwalkwalin nan a kansa. Bafakisten ne yake bugawa, ko don ya nuna wa koci kuskuren cire shi, da zafi yake sakin ƙwallon. Ta farko ta daki ƙirjin Fatihu ya yi baya. Ta biyu ta wuce ta gefen kunnensa na hagu ta daki ƙarfen raga, ƙarfen ya ɗauki kuka, sannan ya ɗaga hannu.

Alhaji Sha'aibu da mutum uku suna jikin shingen waya suna tafi. Ya hango ta tana nufar ƙofar shiga, ya sha gabanta.

"Ina za ki? Ki ji tsoron Allah, kada ki tozarta mu."

Ya kama gefen hijabinta. Ta fizge, hijabin ya yage daga kafaɗa, ta wuce.

An riga an turo ta uku. Bafakisten ya sunkuya ya ja ƙwallon, idonsa a ƙasa, sai a ƙarshe ya ga mace tsaye tsakaninsa da raga. Ya yi ƙoƙarin karkatar da sanda. Ƙwallon ta sami Husainatu a tsintsiyar hannun hagu.

Ba ta taɓa jin abu irin wannan ba, ko a naƙuda. Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen filin, hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Abin da ya zo mata a rai shi ne, ashe wannan ce ta same shi a ka.

Ta miƙe. Koci yana busa usur yana gudu, 'yan wasa sun yi cirko-cirko. Ta ƙarasa raga. Fatihu ya bangaje ta da ƙatuwar safar hannunsa, ta bugu da ƙarfe.

"Hureira, fita daga filin nan. Wa ya kawo ki?"

"Abban Zuhra, Husainatu ce."

Ta kai hannun dama ta sa farce ta ɓalle tambarin da ke gefen kwalkwalin. Tsagar ta fito fili, ta ma ƙara tsawo. Koci ya iso ya tsaya yana kallonta. Ta gaya masa komai da Turanci, a jere, kamar mai karanta takardar magani: amai, haske, mantuwa, hannun Mus'ab, ƙafar Zuhra.

Dattijon ya cire hularsa. Ya ce ya yi zargin haka, shi ya sa ya ajiye shi shiru don kada a rubuta a takarda a kashe masa sana'a, amma Fatihu ya rantse wa likitan kulob lafiyarsa ƙalau, ga kuma waya daga sama. Ya juya ga Fatihu.

"Yau wace rana ce? Da wa muka buga makon jiya?"

Fatihu ya buɗe baki. Ya dubi allon filin, ya dubi matarsa. Sai ya dafa gwiwa, amai ya ƙwace masa a cikin kwalkwalin.

"Idan Datuk yana son wani gola ban da Azrul," in ji koci, yana kiran motar asibiti, "ya zo ya sa sulken da kansa."

Jini aka samu ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, yana danne ƙwaƙwalwa a hankali. Aka huda aka zuƙe. Likitan ya ce da ƙwallo ta sake samunsa a wurin, ba asibiti za a kawo shi ba.

Ranar Lahadi Azrul ya tsaya a raga, aka ci su uku da ɗaya, aka fitar da su daga gasar. Har yau akwai masu cewa a teburin mai shayi da Katanga ya buga da an kai wasan ƙarshe, kuma mace ce ta jawo. Alhaji Sha'aibu bai ƙara amsa gaisuwar Husainatu ba. Mus'ab kuwa ya zo dubiya da hannu a rataye, ya yo ƙunshin roti, gurasar ƙasar, shi da ita suka kalli filastar juna suka yi murmushi. Fatihu ya riƙe masa hannu mai lafiyar ya daɗe bai saki ba, ya ce an ba shi labarin abin da ya yi.

Fatihu bai sake tsayawa a raga ba. Zuhra ta yi wata biyu ba ta yarda ta zauna kusa da shi. Ranar da ta yarda, sai da ta tsaya daga nesa ta ce ya faɗi sunanta tukuna. Ya faɗa daidai.

Kai mai karatu, idan naka ya bugu a ka ya tashi yana cewa ba komai, kada ka tafa masa. Ka duba abin da yake ɓoyewa, ka saurari abin da yaran gidan suke faɗa, ka kai shi asibiti ko yana zaginka. Kuma kafin ka sa babbar riga ka tafi yi wa wani kamun ƙafa a mayar da shi fili, ka fara tambayar dalilin da ya sa aka ajiye shi. Idan ba haka ba, da rigar nan za ka tsaya a sahun jana'izarsa.