Gawon Gonar Babanmu

Ina tankaɗen garin hatsi ranar wata Laraba aka kira ni a waya daga Yamai, aka ce Yaya Abarci ya rasu. Can aka yi masa sutura, mu kuma muka zauna karɓar gaisuwa a Dakoro.

Yayana littattafan labari yake rubutawa da Faransanci. Ni aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Abin da na sani, in ya zo gida ba ya zama wurin manya. Bakin rijiya yake tafiya wurin makiyaya, yana tambayarsu sunan ciyawar da ta daina fitowa. Sau biyu aka nemi ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa, ya ƙi. Ya ce mini wanda ya hau mumbari bakinsa ke aiki, shi kuwa da kunne yake sana'a.

Baƙi suka yi yawa, itacen girki ya ƙare. Baba Jimrau, ƙanen mahaifinmu, ya ce a sare babban gawon gonarmu ta hanyar Korahane don tuwon sadakar bakwai. Na ji abin har cikin ƙashina, amma ban iya musa wa uba a zaman makoki ba.

Ranar sadakar uku wani malamin lakwal mai suna Abdulrauf, irin waɗanda muke kira Mushe da Faransanci, ya iso daga Azagor a bayan motar kasuwa. Bai taɓa ganin Yaya ba. Da ya gama gaisuwa ya roƙi a kai shi ya ga gawon.

Baba Jimrau ya ce, "Mushe, Azagor ba ku da itace ne, sai ka biyo namu?"

Muka tafi duk da haka, Baba da gatarinsa a kafaɗa. Malamin ya buɗe wani littafin Yaya da ya sha hannu, yana karantawa yana mayar mana da Hausa. Ga gawon nan a ciki, da reshen da aradu ta tsage, da ramin da nake ɓoye goruba ina yarinya. Yaya ya rubuta cewa gawo yakan zubar da ganye da damina don hatsi ya samu rana, ya yi inuwa da rani lokacin da kowa ya rasa, kuma shugaban da ya kasa yin haka bai kai itace ba. Malamin ya ce ɗalibansa sun haddace wurin.

Na tsaya ina kallon itacen da na sani shekara hamsin.

Baba ya sauke gatarin daga kafaɗa. Ya juyo gare ni ya ce, "Uwale, akwai karan hatsi a bayan rumbu?"

Da kara da kashin shanu muka dafa tuwon. Hayaƙi ya sa matan gida kuka fiye da rasuwar.

Yanzu kowace safiya nakan zaga gonar da tsummoki a hannu. Duk ɗan gawon da na gani ya tsiro, sai in ɗaura masa ƙyalle don kada mai noma ya sare shi.