Biyu da Ɗaya

Shekara talatin Malam yana koyar da ches, darar Turawa, a kulob ɗinsu, kuma shi ke zaɓa musu tafiya a gasar da ake bugawa ta intanet, tafiya ɗaya kowace rana. Bana aka yarda a yi amfani da kwamfuta, sai surukinsa injiniya ya jera manhaja uku a teburin bakin taga. Kowace ta faɗi tata tafiyar, a bi masu rinjaye. Malam kuwa aka bar masa raba gardama in duk ukun sun saɓa. Wata biyu hakan bai faru ba. Yana zaune kamar baƙo, abin yana cin sa.

A wasan ƙarshe, biyu suka ce sarauniya ta ci sojan abokan karawa. Ta ukun ta ce a janye doki. Malam ya zuba wa allon ido har shayinsa ya huce.

"Tarko ne," ya ce. "In sarauniya ta shiga can, ba ta fitowa."

"Baba, biyu da ɗaya ne," in ji surukin.

"Ba kai ka ce min biyun nan ɗaya daga ɗaya aka kwafo ta ba? Uwa da 'ya ne. Abin da uwar ba ta gani ba, 'yar ba za ta gani ba. Ƙuri'a ɗaya kake ƙirgawa sau biyu."

Surukin ya yi murmushin nan da ake yi wa tsofaffi, ya tura tafiyar.

Kwana tara sarauniyar ta yi tana neman hanya, sannan ta faɗi, kofin gasar ya tafi tare da ita. Malam jira yake wani ya faɗa a madadinsa cewa ya yi gaskiya.

Ranar Asabar kwamitin kulob ya zauna. Injiniya ya miƙe da ladabinsa ya ce Baba ya yi gaskiya, ana bukatar murya dabam wadda ba ta da dangi a cikinsu. Malam ya ji sanyi a ransa, har da gyara zama.

"Shi ya sa na samo sababbi biyu," in ji surukin. "In sun saɓa, mafi ƙarfinsu ta raba. Baba ya huta haka."

Aka tafa. Baƙin ciki ya cika Malam, ga shi kowa yana yi masa barka.

Sakatare ya sunkuyo kusa da kunnensa. "Malam, ɗan tashi mu janye kujerar. Wayar wutar sabuwar kwamfutar ba ta kai soket ba."