Takalmin Danilo a Kan Turke

Mu arba'in da uku ne a tsibirin nan, in ka haɗa da jaririyar gidan Tummas, kuma nas ɗinmu ɗaya ce tal, Sunneva. Likita sai sau ɗaya a wata, shi ma in teku ta ga dama. Waya kuwa a kwarinmu sai ka hau tudun bayan coci kafin ta kama. Shi ya sa tun zamanin kakata duk gidan da ke son nas sai ya kife takalmin ruwa a kan turken shinge. Sunneva na zagayawa da safe, in ta hango ta shigo.

Sai ga Danilo daga ƙasar Filifin ya zo aikin feɗe kifi a rumbun Tummas, aka ba shi gidan da ke kallon nawa. Mutum ne mai fara'a, 'ya'yansa mata biyu suna can gida yana yi musu aike. Ni Nanay yake kirana, wai uwa ke nan da harshensu. Matsalarsa ɗaya: kullum ya taso aiki sai ya wanke takalmansa ya kife su a kan turke su tsane. Kwana uku a jere Sunneva na hawowa da jakarta tana haki, ta tarar da shi garau yana soya shinkafa da tafarnuwa. Shi ya ɗauka ziyara ce, ya zuba mata. Ta cinye, ta yi godiya, ta tafi. Halin mutanenmu ke nan, kunyar gyara wa baƙo kuskure suke ji.

Ni dai ba haka Allah ya yi ni ba. Rana ta huɗu na tare shi a bakin shinge.

"Kai Danilo, so kake ka kashe mana nas? Matar nan gwiwa ɗaya ta rage mata. Takalmi a kan turke kiran nas ne, ba shanya ba. Kada in sake ganinsa a nan sai in mutuwa za ka yi!"

"Yi haƙuri, Nanay," in ji shi, ya kwashe su sumsum.

Na koma gida ina jin na yi abin kirki. Mijina Hanus ya ɗago kai ya kira sunana, ya ce, "Malan, bayani kika yi masa ko tsawa?"

Na ce duk ɗaya ne.

Bayan wata biyu, wata Lahadi da aka taso coci, na kira shi cin dankali da busasshen naman tunkiya. Ya zauna yana ta fama da cokali a hagu, damansa cikin safar ulu, a ɓoye ƙarƙashin tebur. Goshinsa sai tsattsafo gumi yake, alhali ko murhu ban kunna ba.

"A gidana ba a cin abinci da safa a hannu. Cire."

"Sanyi nake ji, Nanay."

Ban tsaya musu ba, na kamo hannun na zare safar. Wayyo! Ya kumbura suntum kamar burodin da ya tashi, ga wani jan layi ya miƙe daga wuyan hannu har ya wuce gwiwar hannun. Ƙayar kifi ce ta soke shi, yau kwana biyar. Kuma da wannan hannun yake riƙe wuƙa.

"Me ya hana ka kife takalmi?"

"Ke kika ce sai in mutuwa zan yi. Na ga ban kai nan ba tukuna." Ya sunkuyar da kai. "Kuma katin asibitina bai iso ba. Na ɗauka takalmin na 'yan gari ne."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse. Bakina ne ya jawo wannan. Na duba bakin ƙofa, babu takalmi, ashe Hanus bai cire nasa ba. Na durƙusa na fizge ɗaya daga ƙafarsa, na fita da gudu na kifa a kan turke.

Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa ganin takalmi a turkena ba, har gori nake yi wa mutane da hakan. To, mutanen coci ba su gama watsewa ba, suka hango. Nan take kowa ya yanke cewa Hanus ya faɗi. Kafin ka ce me, rabin tsibiri ya cika min falo. Elspa, ƙanwar Hanus, ta shigo tana kururuwa, ta tarar da shi da dankali a baki, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Au, kana da rai?"

"Ki yi haƙuri," in ji Hanus, "wani karon."

Sunneva ta ratso su ta zauna gaban Danilo. Ta juya hannun, ta zagaye jan wurin da biro.

Danilo ya fara, "Katina..."

"Kati ne ya kumbura ko hannu? Takarda ta same mu a hanya." Ta tsira masa allura, sannan ta dube shi ido cikin ido. "Ba zan ɓoye maka ba. Yau sai babban asibiti. In ka ƙara kwana a nan, ban yi maka alkawarin hannun nan ba."

Tummas ya ruga bayan coci ya kira jirgi mai saukar ungulu. Sauran suka bazu fili suna korar tumaki don jirgin ya samu wurin sauka, Elspa na kaɗa musu hular coci tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya da sunan masu su. Kowa ya cusa wa Danilo wani abu a jaka: rigar sanyi, biredi, har da burushin haƙorin da ba a san na wane ne ba. Yana dariya, hawaye na zuba. Da jirgin ya tashi na tsaya har ya ɓace.

Kwana tara muka yi muna hawa tudu jin labari. Yau a ce da sauƙi, gobe a ce an sake tsaga wurin.

Ran na goma jirgin ruwa ya kawo shi. Duk muna bakin gaɓa, Tummas har ya rufe rumbu. Danilo ya sauko da hannu naɗe da bandeji, Sunneva ta ce ba za ta jira sai an je gida ba, a nan ta warware. Ya motsa babban yatsa, ya motsa na biye, ɗaya bayan ɗaya har ƙaramin, sannan ya dunƙule. Ihu ya tashi har tsuntsayen kan dutse suka watse.

Na matsa kusa, na ce, "Danilo, ka yafe min. Bakin nan nawa ne ya..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya miƙo hannun ya kama nawa, ya matse da ƙarfi har zobena ya shige min nama, na yi ƙara.

"Ya kika ji shi, Nanay?"

"Da zafi," na ce. "Ƙara matsewa."