Baƙin Kwabon Mai Agogo

Ina cikin goge kwabo na ƙarshe 'yar Mai Agogo ta yi sallama a ƙofar ɗakina. Ta ce an dawo da babanta daga asibiti, likita ya ce a kai shi gida kawai, kuma tun a mota yake tambayar gwangwaninsa.

Na ce ai ta zo a daidai, na janye mayafin da na rufe farantin da shi. Ga su nan jere, kwabbai da sisi da anini na zamanin da, wasu da huji a tsakiya, wasu da kawunan sarakunan da ba wanda ya san su, suna walƙiya sai ka ce yau aka buga su.

Shekara arba'in maƙwabcina Mai Agogo ya yi yana tara su a gwangwanin nan. Da za a kwantar da shi ni ya ba ajiya, don duk layinmu an san inda amana take. To ni ba na iya zama. Shekara talatin da biyar na yi ina jan babbar mota, na faɗa kogi da ita na fito, taya ta fashe min a gangare sau uku, abokan aikina duk na binne su. Ba a banza ake ce min Gagarau ba. Ban taɓa shiga aji ba, wannan rubutun ma a jikin allunan hanya na koye shi. Kwana biyu ina kai da komo tsakanin gado da ƙofa, a na uku na buɗe gwangwanin. Wasu sun yi baƙi, wasu sun yi kore kamar gansakuka. Na ce wannan ai wulaƙanta dukiya ne. Na sayo man goge ƙarfe, irin wanda nake goge gaban motata da shi har mutum ya ga haƙoransa, na yaga tsohuwar singileti na hau aiki.

Yarinyar ba ta yaba ba. Ta daɗe tana kallon farantin, sannan ta ce, "Baba, har da baƙin?"

Na ce wane baƙi, ai duk baƙaƙe ne. Sai ta gaya min abin da ban taɓa sani ba duk zamanmu katanga ɗaya. Tana jaririya gobara ta cinye ɗakin da suke haya, uwarta ta miƙo ta ta taga, ita ba ta fito ba. Abin da Mai Agogo ya samu a cikin toka shi ne kwabo ɗaya da matar take ƙullewa a bakin zaninta. Shi yake nema yanzu, yana so ya riƙe shi.

Nan na tuna shi. Akwai wani mai taurin kai da ya cinye min safiya guda, sau biyar ina sa masa man, har da burushin haƙori. Da ya yi haske har kirari na yi wa kaina. Na duba farantin, irinsa sun fi goma, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Na ce ta yi gaba ina zuwa. Na zauna, na tashi, na leƙa taga, na dawo. Mutumin da kogi bai ci ba, ga shi kwabo ya sa shi gumi. Na kunna kyandir, na kama ɗaya da filaya, na riƙe shi bisa harshen wutar har ya yi baƙi ƙirin. Na ƙona yatsa garin sauri. Na sa shi a aljihu, na ɗauki farantin da gwangwanin na fita.

Ɗakinsa cike yake da agogunan bango, tun da ya kwanta ba wanda ya wana su, kowanne ya tsaya inda ya gaji. Ɗaya ne kawai yake tafiya. Shi kuwa ya zama kamar sanda a ƙarƙashin bargo, amma yatsun nan nasa na gyaran ƙananan ƙarafa suna ta motsi bisa ƙirji.

Na ajiye farantin a bayana, na sa masa kwabon a tafi. Ya murza shi da babban yatsa, ya ɗaga yatsan kusa da ido, ya sunsuna.

"Gagarau, wannan ai kyandir ne. Har yanzu da ɗumi."

Na fara ba shi labarin yadda tsatsa take cin ƙarfe, da yadda na taɓa ceto injin da kowa ya fid da rai da shi. Ya bar ni har na rasa abin faɗa, sannan na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce a kawo farantin. 'Yarsa ta tallabo shi, ya rufe ido, yatsunsa suna bin kwabban ɗaya bayan ɗaya. Ni ina tsaye, ƙafata tana ta buga ƙasa kamar ina neman birki. Can ya tsaya a kan wani, ya ce shi ne, wuta ta ɗan lanƙwasa masa gefe. Ya murza shi, ya sake murzawa. Na ga fuskarsa ba ta saki ba, santsi ya yi masa yawa.

"Da me ka goge?"

Na ce da tsumma.

"Ka wanke tsumman?"

Na ce a'a.

"To kawo min. Abin nawa yana jikinsa."

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na tsinto shi a bayan ƙofa inda na jefar, ya yi baƙi, yana warin man. Ya karɓa, ya naɗe kwabon a ciki da kansa, ya ɗora bisa ƙirji ya dafe da hannu biyu. Ya ce in zauna haka nan, tsayuwata tana gajiyar da shi. Na zauna a bakin gado. Tun da nake ban taɓa zama wuri ɗaya na tsawon wannan lokacin ba.

Kafin la'asar ya cika. Da 'yarsa ta zo gyara masa hannuwa, ta zare tsumman a hankali, ta ninke shi ta sa a gwangwani. Babban yatsansa yana nan da baƙin kyandir ɗina. Rana ta shigo ta taga ta sauka bisa farantin, hasken yana rawa a rufin ɗaki, agogon nan guda ɗaya yana ta tafiya.