Hayaƙi Ƙarƙashin Tagar Umma

Babanmu mai gyaran janareta ne, shagonsa kuwa barandar gidanmu ce, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Umma. A sana'arsu ba a biyan mai gyara sai ya tayar da inji a gaban mai shi, ya bar shi yana ruri har mutumin ya gamsu. Wani ya jona dutsen guga, wani fanka, ya tsaya yana kasa kunne kamar mai sauraron labarai. Hayaƙin kuma ta tagar yake shiga, ya tarar da Umma da asmarta.

Ni na yi karatu, lafiyar muhalli na karanta, ko da yake aiki bai samu ba. Na san abin da ke cin ƙirjin uwata. Abin da Baba ya samo da safe, kafin la'asar yana hannun mai kemis: maganin shaƙa, ƙwayoyi, in abin ya yi tsanani a kwasa sai asibiti. Mai kemis har ya daina tambayata, da ya hango ni sai ya miƙa hannu kan kanta.

Ranar da aka sallamo mu daga wata kwanciyar asibiti, na ce wa Baba an daina tayar da inji a gidan nan. Ya yi dariya, ya ce Malama ta kafa doka, to ta kama masa shago a bakin titi mana. Amma da ya ga yadda Umma ta dafa bango kafin ta kai ɗaki, bai ƙara musu ba.

Sai na ari baro. Duk injin da ya gyara, ni nake tura shi ƙarshen layi a gwada shi can, don bayan Baba ba ya ɗaukar nauyi. Matan layi suka samu abin yi, wai ga mai digiri ta samu aikin gwamnati. Ban taɓa sunkuyar da kai ba, gaishe su ma nake yi ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗe ba telan da ke ƙarshen layin ya kore mu, wai muna ɓata masa kayan mutane. Masu injin ma suka gaji da bin baro a rana. Baba ya gwada ba su kaya ba gwaji, suka ce su ba sa sayen kifi a ruwa, suka koma wajen wani.

Umma ta ɗan samu sauƙi, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai wuta ba ta zama, kowane gida da nasa injin, ga bolar da ake ƙonawa bayan layi, ga manyan motoci. Namu injin kaɗai nake da ikon kashewa. Tarin bai tafi ba, kuɗin magani ne ya tafi.

Wata rana da hantsi maganin shaƙar ya ƙare, na girgiza shi babu komai. Umma na zaune bakin gado ta dafa gwiwoyi, ƙirjinta na fito, kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi. A baranda kuma mai askin layinmu na tsaye kan injinsa da Baba ya gyara, ya ce shi ba zai bi baro ba, kuma sai ya ji da kunnensa zai sa hannu a aljihu. Baba ya leƙo, ni ya kalla.

Umma ta kamo bakin rigata. Da ƙyar maganar ta fito.

"Ki bar shi ya tayar."

"Umma, hayaƙin ne fa yake kashe ki."

"Na sani, 'yar nan. Shi a hankali yake yi, ba kamar rashin magani ba."

Na jiƙa zani na toshe tagar, duk da na san zani ba ya hana hayaƙi. Na fita. Baba ya riƙe igiyar injin, ya kasa ja. Mai aski ya ce ko dai gyaran ne bai yi ba?

Na karɓi igiyar, na taka injin da ƙafa, na ja. Ya tashi nan take, don Baba gwani ne. Na tsaya cikin hayaƙin da hannuna a miƙe, ina jiran mai aski ya gamsu.