Muryar Gethin a Rediyon Mahaifinsa

Gethin Prosser ya kira shirin ra'ayin jama'a na rediyon yankinsu na Wales, wanda reshe ne na gidan rediyon ƙasa, ya zazzage musu kwandon faɗa. Ya ce kuɗin lasisin talabijin da ake tatsar mutane duk shekara don riƙe gidan rediyo da talabijin na ƙasa fashi ne da rana tsaka. Ya ce babu mai sauraronsu sai tsofaffin da suka rasa abin yi, gara a rufe gidan kowa ya huta. Abokan aikinsa a gareji suka tafa masa.

Da yamma ya biya gidan mahaifinsa, Idwal, don aron tsani. Tun rasuwar matarsa tsohon ke zaune shi kaɗai, idanunsa ma sun yi rauni. Gethin ya tarar da shi a kicin, shayi ya huce a gabansa, rediyo na ta magana a gefen taga.

"Na ji ka ɗazu," in ji Idwal. "Bakinka bai mutu ba, irin na uwarka."

Gethin ya tsaya riƙe da ƙofa. "Baba, ai ba da kai nake ba."

"Da ni kake mana, ni ne tsohon da ya rasa abin yi." Ya laluba ya rage sautin. "Ba komai. Rabona da jin muryarka tun bikin Ista, sai yau da suka kawo mini ita har kicin. Ni kam kuɗina bai tafi a banza ba. Tsanin yana bayan gida."