Akuyar Roseline

"Wannan hannun wa ne?" Yaya Moutari ya buga hoton a kan teburin kicin. "Ba naka ba ne?"

"Nawa ne."

"Wannan kuma wuƙa ce."

"Wuƙa ce."

"Hutu ka ce mana za ka. Ka bar mu da raguna bakwai a gonar Bature, ka haye ruwa ka je kana feɗe wa 'yan rawa akuya."

Matarsa, Anti Jimmai, ta juyo daga bakin murhu ta ce, "Ka bari ya ci abinci mana." Bai ko dube ta ba.

Yaya Moutari ɗan wan mahaifiyata ne, karatun dakta yake yi a jami'a. Shi ya kawo ni Greensboro bayan na gama sakandare a Maraɗi, ya ba ni ɗaki a gidan da yake haya a Glenwood. Lodin kaya nake yi a wani sito. Mahaifina mahauci ne, kuma abin da mutanenmu na nan suka riƙe a kaina ke nan. Duk Babbar Sallah sai mu tafi wata gona a bayan gari. Alhaji Mamane, dattijon cikinmu, ya yanka, su koma inuwa da manyan rigunansu suna gardamar siyasa, ni kuma in tuɓe riga. Fiɗa, datsa, wankin hanji. Kafin in gama sun cinye gasasshiyar hanta sun wanke hannu. Shekara huɗu ke nan. Sarkin fawa suke kirana. Rabinsu ba su san sunana Nafi'u ba.

Tun cikin azumi na gaya musu bana ba na nan. Suka yi dariya. Na sayi jakar goyo da ɗan tanti, na hau bas a tashar cikin gari har Miami, daga can jirgi ya sauke ni a tsibirin St. Thomas.

Kwana uku ina yawo da ƙafa. Ƙasar duk hawa ce da gangara, jaka tana cin kafaɗa. Ruwan sama ya same ni a kan wani tudu, ya jiƙa burodina da bargona, na shanya su a kan dutse na zauna ina kallon jiragen ruwa. Sauro ya yi Sallarsa a jikina tun kafin ranar. Ban iya ruwa ba, amma na shiga teku iya ƙugu, na tsaya. Ba wanda ya kira ni. Abin da na je nema ke nan.

Ranar Sallah na yi asuba a kan rairayi, na yi kabbara ni kaɗai, na naɗe tanti na gangara gari. Ashe su ma suna tsakiyar bikinsu na shekara. Ganguna na ƙarfe da aka ƙera daga duro, mata da fuka-fukai a ka, wasu mutane a kan dogayen sanduna suna tafiya kansu daidai da tagogin bene. Ƙishi ya kai ni bayan wata rumfar abinci. Can na tarar da wata tsohuwa, Roseline, tana zazzaga masifa ita kaɗai. Tukunya a kan wuta, akuya a ɗaure, wanda zai yanka mata ya bi makaɗa tun safe.

Ba ta roƙe ni ba. Ba ta ma san na iya ba. Ni na ajiye jaka na ce ta ba ni wuƙa. Na fuskantar da akuyar gabas, na yi bismilla. Fata ta fita ba huda ko ɗaya. Tsohuwar ta tambayi sunana, ta yi ta maimaitawa har bakinta ya kama shi. Da farfesu ya nuna ta zaunar da ni a kujerarta, kwanon farko nawa. Maƙwabciyarta ce ta ɗauki hoton da 'yar kyamarata. Da yamma Roseline ta ja ni cikin layin masu rawa, jakata a baya. Na taka. Ba zan ce ban taka ba.

"Ka san abin da ya faru da ba ka nan?" Yaya Moutari ya ce. "Dakta Haris na jami'armu aka ba wuƙa, ya fasa tumbi a kan naman Alhaji. Raguna biyu har magariba ba a buɗe su ba. Ni aka yi ta kallo."

"Da can wa ake kallo?"

"Kada ka yi mini wannan. Gobe Lahadi za a taru a gidan Alhaji. Ko ka je ka ba da haƙuri a gaban kowa, ko ka nemi wani ɗakin."

Na ce zan je.

Bayan azahar muka isa. Falo cike, ana shan shayi. Na cire takalmi, na durƙusa na gaida Alhaji kamar yadda ya kamata. Ya yi murmushi.

"Sarkin fawa, ɗan yawon duniya. An ce har rawa aka sha. To, muna saurare."

"Alhaji, girmanka ne ya kawo ni. Amma haƙuri ba zan bayar ba, don na faɗa tun da wuri. Baɗi ma, in Allah ya kai mu, akwai wani tsibirin da ban gani ba."

Wani ya yi tsaki. Yaya Moutari ya sunkuyar da kai, na san ɗakin ya tafi.

"Na yi magana da mai gonar," na ce. "Akwai tunkiya ranar Asabar. Zan koya wa mutum ɗaya, tun daga tsagar ƙafa har wankin hanji. Ba wuya. Wanda ya iya rubuta littafi zai iya."

Dakta Haris ya shiga juya cokali a kofi. Na bi su da ido, ɗaya bayan ɗaya.

"Wa zan jira a bakin gonar?"